Ƙudajen Dajin Birnin Gwari da Aikin Tantance Sababbin Jinsuna

Duk wanda ya ji an ambaci dajin Birnin Gwari, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne manyan itatuwa da namun daji, ko kuwa, a 'yan shekarun nan, labarin 'yan bindiga. Ba safai ake tuna ƙuda ba. Amma a wurin masanin halittu, kowane kurmi da ke bin bakin rafi a wannan ƙasa, tun daga Damari a gabas har zuwa Kogin Mariga, matattara ce ta ƙudaje iri-iri, kuma sanin wane ne wane a cikinsu ya taɓa zama batun da idanun dubban mutane suka rataya a kansa.

A shekarar 1936 aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun dajin En'e ta Birnin Gwari, kuma a 1999 Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun namun daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120, yana kuma iyaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Doka ce ta fi yawa a cikinsa, sai maje da baushe da taura da kirya da ɗorawa. A bakin rafuka kuwa itatuwan sukan haɗe kai su yi duhuwa, ƙasa ta riƙe danshi har tsakiyar rani. Irin wannan wuri shi ne gidan ƙuda.

A ilmin halittu kalmar ƙuda ta fi faɗi a kan yadda aka saba amfani da ita. Ta ƙunshi duk wani ƙwaro mai fukafukai biyu kacal, wanda fukafukansa na baya suka tsuke suka zama wasu 'yan sanduna masu kama da kan allura, da su yake daidaita kansa in yana tashi. Masana suna kiran wannan rukuni Diptera, watau masu fiffike biyu. Da ƙudan gida da sauro da tsando duk 'yan gida ɗaya ne. Jinsunan da aka raɗa wa suna a duniya sun kai kimanin 160,000, daga cikinsu kimanin 20,000 ne kawai daga Afirka ta kudu da Sahara. Wannan ƙaramin adadi ba ya nufin Afirka ta rasa ƙudaje. Masu nemansu ne suka yi ƙaranci.

Baƙin ƙuda da makantar kogi

A cikin ƙudajen wannan yanki akwai wani ɗan ƙarami, baƙi, mai ƙusumbi, wanda bai wuce girman ƙwayar riɗi ba. Macen ce ke cizo, da rana take yi, kuma ta fi son ƙafa. Tana nasa ƙwai a inda ruwa ke kwarara da ƙarfi a kan duwatsu, domin tsutsotsinta suna bukatar ruwa mai wadatar iskar oksijin. Su kan maƙale a jikin dutse ko ganyen da ya nutse, su buɗe wasu gasusuwa biyu da ke bakinsu kamar mafici, suna tace abincin da ruwa ya kawo. Cikin mako biyu ko ƙasa da haka ƙwai ya zama ƙuda mai tashi.

Wani masani Bature mai suna F. V. Theobald ne ya raɗa masa suna a 1903, ya kira shi Simulium damnosum, kalmar ƙarshen kuwa da Latin tana nufin mai jawo hasara. Sunan ya dace fiye da yadda shi kansa ya zata, domin a 1926 D. B. Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa wannan ƙuda shi ne ke yaɗa tsutsar da ke haddasa makantar kogi. Manyan tsutsotsin sukan dunƙule cikin ƙululu a ƙarƙashin fatar mutum, su rayu fiye da shekara 10, suna haihuwar ƙanana bila adadin. Ƙananan su ne ke yawo cikin fata suna kawo ƙaiƙayi mai hana barci, in kuma suka shiga ido sai gani ya riƙa raguwa har ya tafi. Ƙuda yana ɗibar ƙananan lokacin da yake shan jini, su girma a jikinsa cikin kimanin mako guda, sannan ya zuba su a jikin wanda ya ciza na gaba.

A shekarun 1950 R. W. Crosskey ya bi kogunan Arewacin Nijeriya yana taswirar wuraren da ƙudan ke hayayyafa, ya yi aiki a kwarin Kogin Galma da kuma ƙasar Abuja ta wancan lokaci, wadda ita ce Suleja a yau. Duk inda ya je, ƙuda ɗaya yake gani. Amma akwai abin da ya ɗaure wa masana kai. A wasu kogunan na Gabashin Afirka wannan ƙuda ba ya cizon mutum ko kaɗan. A Afirka ta Yamma kuwa, ƙauyukan da ke ƙasar sarari sun fi fama da makanta a kan na cikin kurmin kudu, alhali cizon ya yawaita a duka biyun. Yaya ƙuda ɗaya zai kasance da hali daban-daban haka?

Amsar tana cikin miyaun tsutsa

Amsar ba ta fito daga fiffike ko ƙafa ko launi ba. Ta fito ne daga wani wuri da ba wanda zai yi zato, watau jakar miyaun tsutsar ƙudan. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai zaren gado, wanda ake kira kuromosom, shi ke ɗauke da umarnin da ɗa ke gada daga iyayensa. Yawanci wannan zare siriri ne ƙwarai, ba a iya karanta shi da madubin kimiyya mai ƙara girman abu. Amma a jakar miyaun tsutsar ƙuda zaren yakan kwafi kansa sau ɗaruruwa, kwafe-kwafen kuma su zauna manne da juna, har su zama igiya mai kauri da ratsi-ratsi na duhu da haske kamar zanen saƙi. Baƙin ƙuda yana da irin waɗannan igiyoyi guda 3, kuma jerin ratsin kowace kusan iri ɗaya ne daga wannan tsutsa zuwa waccan, muddin jinsinsu ɗaya ne.

Aikin yana bukatar haƙuri fiye da kuɗi. Akan tsinto tsutsotsin daga ganyen da ke cikin ruwa, a jefa su nan take cikin wani haɗi na sinadarin alkohol kashi 3 da ruwan asid na asetik kashi 1, a ajiye a wuri mai sanyi. A ɗakin bincike sai a farke cikin tsutsar da allura, a ciro jakar miyaun, a rina ta da wani jan rini, a matse ta tsakanin gilasai biyu, a ɗauki hotonta, sannan a zauna ana bin ratsin ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa da taswirar da aka riga aka yi.

Abin da ake nema shi ne wurin da jerin ya juya. Mai karatu ya ɗauka an tsinke carbi a wuri biyu, aka ɗauki yankin tsakiya aka juya shi kai ya koma gindi, aka sake ɗaurewa. Duwatsun ba su ragu ba, amma jerinsu ya sauya. Haka ke faruwa ga zaren gado jefi-jefi, kuma sauyin yakan bi zuri'a. To, kowace tsutsa tana gadon zare ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, su biyun kuma suna kwanciya kafaɗa da kafaɗa, ratsi na fuskantar ɗan'uwansa. Idan na uba yana da yankin da ya juya, na uwa ba shi da shi, ba yadda za su daidaita sai ɗaya ya lanƙwashe ya yi zobe, wannan zobe kuwa ana ganinsa ɓaro-ɓaro. A nan hujjar take. Idan aka samu iri biyu suna zaune a kan dutse ɗaya cikin rafi ɗaya, aka duba tsutsotsi ɗaruruwa ba a ga mai zobe a wannan gurbi ba, to ke nan iri biyun ba sa barbara da juna. Ma'anar jinsi kuwa ke nan a wurin masana: taron halittun da ke haihuwa a tsakaninsu, ba sa haihuwa da na waje.

R. W. Dunbar ne ya fara nuna haka ga baƙin ƙudan Afirka a 1966. A 1975 kuma shi da wani ɗan Nijeriya, Charles G. Vajime, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Sashen Ilmin Halittu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka buga aikin da ya raba abin da ake kira ƙuda ɗaya a Afirka ta Yamma zuwa jinsi 8. Sababbin sunayen da suka raɗa sun bi koguna da garuruwan da aka samo tsutsotsin. Akwai sirbanum daga Kogin Sirba da ke zuba cikin Kwara a ƙasar Nijar, akwai sanctipauli da yahense daga kogunan Laberiya, akwai soubrense daga garin Subure na Kodebuwa. Masanan da suka biyo baya sun gyara wasu, sun ƙara wasu, har nau'o'in da aka bambance a faɗin Afirka suka kai wajen 60. A 1996 H. B. Mafuyai na Jami'ar Jos da abokan aikinsa, ciki har da Vajime, suka buga rabe-raben jinsunan a Nijeriya. Biyu ne suka fi yawa a kogunan ƙasar sarari irin ta Birnin Gwari, su ne sirbanum da kuma wanda ya riƙe tsohon sunan, damnosum.

Wani zai ce wannan ai tsugudidin malamai ne, tun da cizon duk ɗaya ne. Shirin yaƙi da makantar kogi da aka kafa a 1974, mai hedikwata a Wagadugu, ya nuna ba haka ba ne. Shirin yana fesa magani a koguna daga jirgin sama don kashe tsutsotsi, sai aka ga kowace damina ƙudaje suna sake bayyana a wuraren da aka share. Da aka tantance su sai aka ga jinsunan ƙasar sarari ne, iska ce ke ɗauko su daga kogunan da ke nesa da ɗaruruwan kilomita, aka kuwa faɗaɗa feshin zuwa can. A 1980 kuma magani ya daina kashe tsutsotsi a wani yanki na Kogin Bandama a Kodebuwa. Da an ɗauka ƙuda ɗaya ne, da an sauya magani a ko'ina, an yi asarar kuɗi mai yawa. Zaren gado ya nuna cewa jinsunan kurmi ne suka fara juriyar, aka tunkare su a inda suke. Batun cewa na ƙasar sarari ne kaɗai ke tare da makanta mai tsanani kuwa, binciken baya-bayan nan ya sassauta shi, domin yawan cizon da mutum ke sha yana da nasa tasirin.

Nijeriya ba ta cikin wancan shiri na feshi. Abin da ya ceci mutanen Birnin Gwari shi ne ƙwayar Mectizan, wadda kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987, ana sha sau ɗaya a shekara. A 2008 aka bi ƙauyuka 27 a Birnin Gwari da Kauru da Lere, aka tsakuri fatar mutum 3,703 aka duba, bayan shekara 15 zuwa 17 ana shan maganin. Ba a samu tsutsa a jikin ko ɗaya ba, alhali kafin a fara, a matsakaicin ƙauye, fiye da rabin waɗanda aka duba suna ɗauke da ita. An buga sakamakon a 2012, yana kuma cikin hujjojin farko da suka nuna cewa ana iya kawar da cutar ɗungum da ƙwaya kaɗai. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Jamhuriyar Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da ita.

In daji ya sauya, ƙuda ya sauya

Jinsin ƙudan da ke cikin rafi ba abu ne tabbatacce ba, yana bin itatuwan da ke bakin rafin. A kudu maso yammacin Gana, M. D. Wilson da abokan aikinsa sun gwada hotunan tauraron ɗan'adam da tsutsotsin da aka tara cikin shekaru masu yawa, suka buga a 2002 cewa inda aka sare kurmi, jinsunan ƙasar sarari sun ƙaru a wurin. A Gabashin Afirka kuma akasin haka aka gani. Akwai wani baƙin ƙuda, Simulium neavei, wanda tsutsarsa ba ta zama ko'ina sai a bayan ƙaguwar rafi, a rafuka masu inuwa. A wasu sassan Yuganda da aka sare dajin, ƙudan ya ɓace gaba ɗaya. Ba mai makokin wannan, tun da cuta yake yaɗawa. Sai dai gatarin da ya kore shi bai tambayi sauran ƙudajen wurin ko masu cuta ne ko masu amfani ba.

Masu amfanin kuwa su ne mafi rinjaye. Ko a cikin dangin Simulium kansa, yawancin jinsunan Afirka ba sa cizon mutum. Ƙudaje ne ke kan gaba wajen barbarar furen mangwaro, wasu ƙanana ƙwarai kuma su ke yi wa koko. Tsutsotsin wasu suna cin darɓar da ke addabar dawa da gyaɗa, wasu suna girma a cikin tsutsar da ke cin ganyen amfanin gona su kashe ta, wasu su ne abincin ƙananan kifaye, wasu kuma suna ruɓar da mushe da ganye su koma taki. Tarihin binciken ƙuda a Arewa ya bi sawun ciwo ne, tsando saboda sammore da ciwon barci, sauro saboda zazzaɓi, baƙin ƙuda saboda ido. Sauran an bar su a baya.

Inda aka ɗan waiwaye su, an sha mamaki. A 1971 John Deeming, wanda ke aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya buga nazarinsa a kan dangin Atherigona, ƙananan ƙudajen da tsutsar wasunsu ke shiga tsiron dawa ta busar da zuciyarsa. Ya riƙa tara tsiron hatsi da na ciyawar daji da suka kamu, yana reno har ƙudan ya fito, sannan ya duba ƙarshen cikin namijin, inda akwai wani ɗan tsiro mai kai uku da siffarsa ta bambanta daga jinsi zuwa jinsi. Ya samu jinsuna da dama da ba a taɓa sani ba, kuma ya nuna cewa kaɗan ne daga cikinsu ke taɓa amfanin gona. Wannan a gonaki da saurukan Arewa ke nan, ba a ma shiga kurmi ba. A ƙasar Kosta Rika an gwada abin da kurmi ke iya ɓoyewa: masana suka yi shekara guda suna tara ƙudaje a wani ɗan fili mai hekta 4 a Zurquí, suka buga a 2018 cewa sun ƙirga jinsi 4,332. Dajin Birnin Gwari ba shi da ruwan saman da zai kai shi wannan adadi, amma lissafin ya isa ya nuna girman giɓin.

Dajin kuwa ba ya jira. Ana saran itace don katako da gawayi, gonaki suna matsowa, masu haƙar zinariya suna wanke ƙasa a rafuka. Wankin zinariya yana da illa ta musamman ga ƙudajen ruwa, domin laka tana rufe duwatsun da tsutsotsi ke maƙalewa, tana kuma toshe gasusuwan da suke tace abinci da su. A kan wannan sai rashin tsaro ya zo. A 2022 hare-hare suka tilasta wa mutanen Damari da yawa barin garinsu, a daidai lokacin da 'yan ƙungiyar Ansaru da 'yan bindiga ke kai-komo a gabashin masarautar. Inda manomi bai iya zuwa gonarsa ba, ɗalibi ba zai je da kwalabe ba. A Nuwamban 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da wasu shugabannin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari.

Yadda ake raɗa suna

Kayan tara ƙudaje ba su da tsada. Akwai komar hannu, akwai faranti mai ruwan ɗorawa da akan zuba wa ruwan sabulu, akwai kuma tarkon da wani masani ɗan Suwidin, René Malaise, ya ƙirƙira a shekarun 1930. Tarkon tamkar ɗan tanti ne na gidan sauro mai bango a tsakiya. Ƙuda in ya ci karo da bango sai ya yi sama wajen haske, can ƙololuwa kuwa kwalbar alkohol ce ke jiransa. Mutum ɗaya a ƙauye yana iya kula da shi, ya sauya kwalbar sau ɗaya a mako.

Wahalar tana farawa bayan nan. Tun 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph ta Kanada ya gabatar da dabarar, ana iya ciro ɗan yanki na DNA mai haruffa kimanin 650 daga ƙafar ƙwaro, a gwada shi da rumbun bayanai a intanet. Wannan yana saurin ware dubban ƙudaje gida-gida, amma ba ya raɗa suna, kuma ga jinsunan da suka yi kusa da juna ƙwarai, irin na damnosum, bai cika raba su tsaf ba, har yanzu akan koma ga jakar miyau. Kafin a ce jinsi sabo ne, sai an gwada shi da duk 'yan'uwansa da aka riga aka bayyana, da yawa daga cikin samfuran asali na ƙudajen Nijeriya kuwa suna gidan adana kayan tarihin halittu na Landan. In ya tabbata sabo ne, sai a zaɓi ƙuda guda a matsayin madogarar sunan, a ajiye shi a ma'adanar da kowane masani zai iya zuwa ya duba, irin ma'adanar ƙwari ta Samaru, a rubuta siffarsa dalla-dalla da zane, a ba shi suna mai kalma biyu bisa tsarin da Linnaeus ya kafa wa dabbobi a 1758, sannan a buga.

Duk wannan ya dogara ne a kan wata 'yar takarda da ba ta kai girman farce biyu ba, wadda ake sokewa a ƙarƙashin ƙudan ko a jefa cikin kwalbarsa. A kanta ake rubuta sunan rafin da ƙauyen da ya fi kusa, da ranar da aka kama shi, da irin itatuwan wurin, da sunan wanda ya kama. Da fensir ake rubutawa, domin alkohol yana wanke tawada. Ƙudan da aka kama a kurmin wani rafi kusa da Damari yana iya yin shekara 30 a cikin akwati kafin gwanin danginsa ya zo kansa, a lokacin kuwa wataƙila kurmin ya zama gonar masara, takardar ce kaɗai za ta faɗi inda ya taɓa zama.